Hannu na ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa: yadda za ka gano dalili kafin ka shafa komai

Fatar hannu ba ta cika fitar da ƙuraje masu ruwa haka siddan ba. Ko mutum ya rantse bai taɓa komai ba, galibi abin da ya jawo yana cikin gidansa ko wurin sana'arsa, yana taɓa shi safe da yamma. Na yi aikin jinya a gidajen likita na karkara wajen Madarumfa kafin in aje aiki in zauna a unguwar Zariya ta Maradi, kuma har gobe maƙwabta ba su bar miƙo mini hannuwansu in duba ba. Kusan kowa sai ya shafa abu uku ko huɗu sannan yake zuwa: man da mai tebur ya ba shi, toka da kanwa, man goge baki, wani ma har baƙin man moto. Kafin hannun ya iso gare ni ya rikice, asalin ciwon ya ɓuya ƙarƙashin ƙunar magani.

Saboda haka bincike ake fara yi, kuma mafi yawansa mai hannun ne zai yi da kansa, don shi ya san inda hannunsa ke shiga.

Ka wanke hannun da ruwa zalla, ka tsane shi, ka fito tsakar gida da rana. Fitilar waya cikin dare ba ta nuna komai. Ka ware yatsu, ka duba tafi, ka duba baya, ka duba wuyan hannu. Ka lura da inda ƙurajen suka taru, ko hannu ɗaya ne ko duka biyu, kuma ƙaiƙayi ne ya fi damunka ko raɗaɗi. Ka ɗauki hoto ranar, don bororo ba ya jira. Wataƙila ranar da za ka samu ganin lokotoro ya riga ya bushe, sai ɓawo.

Wa kuma ke susa a gidan?

Da wannan tambayar nake buɗewa, don ita ce mai raba gardama da wuri. In aka ce mini yaro na susa, uwarsa na susa, kuma ƙanen maigida da ya zo daga makarantar allo shi ya fara, to kusan an gama, ƙazwa ce. Wani mitsitsin ƙwaro ke kawo ta, macen ce ke haƙa ɗan rami cikin fata tana zuba ƙwai. Ta fi son tsakanin yatsu da cikin wuyan hannu, amma ba ta tsayawa nan. Ka duba gwiwar hannu, hammata, cibiya, maɗaurin wando ko zane, da al'aura. A jarirai kuwa tafin hannu da tafin ƙafa take cikawa da ƙuraje masu ruwa, har kai ba ta bari. Ƙaiƙayinta da dare yake tashi, da an shiga cikin mayafi.

Wanda bai taɓa yin ta ba sai ya yi sati 4 zuwa 6 da ɗauka kafin ya fara susa. Shi ya sa mutane ba sa haɗa ta da baƙon da ya kwana a ɗakin wata guda da ya wuce. Kuma a daina jin kunyar sunan. Ƙwaron ba ruwansa da irin sabulun da kake wanka da shi, cunkoso da haɗa shimfiɗa yake bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci akwai aƙalla mutum miliyan 200 masu ɗauke da ita, kuma tun 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Maganinta sananne ne: farin ruwan nan na benzoate de benzyle, ko man permethrine mai kashi 5 cikin 100. Inda ake faɗuwa shi ne wurin shafawa. Daga wuya ake farawa har tafin ƙafa, ko'ina, har ƙarƙashin ƙumba, ba iya inda ke ƙaiƙayi ba. Kowa a gidan rana ɗaya, har wanda bai fara susa ba. In ka wanke hannu ko ka yi alwala cikin awowin da aka ce maganin ya zauna, ka sake shafa wa hannun. Ana maimaitawa bayan sati guda in haka aka rubuta maka. Tufafi da zannuwan gado a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda sati guda, don ƙwaron ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 in ba jikin mutum. Jariri da mai ciki sai da umarnin gidan likita, don ruwan benzoate yana da zafi, ana sirka wa yara shi. Ƙwayar ivermectine da ake sha don ƙazwa kuma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Ƙaiƙayin na iya ci gaba har sati 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada wannan ya sa ka yi ta ƙara magani har ka ƙona fata.

Ba na son a raina ƙazwar yara. Gyambon da susa ke bari yana ɗaukar ƙwayoyin cuta, wani lokaci abin ya kai ga ƙoda. Yaro mai gyambon ƙazwa da fuskarsa ta kumbura ko fitsarinsa ya yi duhu, a kai shi ranar.

Ƙurajen da ke zaune can cikin fata

In kai kaɗai ke susa a gidan, kuma jikinka lafiya lau in ban da hannu, sake duba gefen yatsu da tsakiyar tafi. Akwai wasu ƙuraje ƙanana, girman ƙwayar hatsi ko ma ba su kai ba, masu tauri, a nutse cikin fata, kana hango ruwa a cikinsu amma ba sa fashewa da sauƙi. Ƙaiƙayi ke riga su fitowa, mutum ya yi ta goga yatsu a gefen tabarma bai ga komai ba, washegari sai ga su. Wani lokaci su haɗe su zama babban bororo. Bayan sati 2 zuwa 3 sai su bushe, fata ta saɓule, ta tsage, sai kuma su dawo. Wasu har tafin ƙafa. Lokotoro na kiransa dishidroz. Wani nau'in kirci ne, ba a ɗauka, kuma ruwan cikinsa ba ya yaɗa shi ko a jikin mai shi. Mace mai wannan za ta iya tuƙa tuwo, ta yi wa jaririnta wanka, ba abin da zai same shi.

A nan Maradi na fi ganinsa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tafin hannu bai bushewa da zufa. Damuwa ma na tayar da shi. Ɗalibai masu shirin jarrabawar ƙarshen shekara da matan da ke cikin rikicin gida, sau da yawa hannunsu ke fara faɗa. Wanda ya yi kirci yana yaro, ko ake da asma da yawan atishawa a danginsu, fatarsa ta fi saurin yi, wannan gado ne. Amma kada ka yi saurin cewa naka na gado ne ka naɗe hannu, don sau da yawa akwai abin da ke tsokanarsa daga waje.

Me hannun ya taɓa shekaranjiya?

Shekaranjiya na ce, ban ce yau ba, kuma da dalili.

Abubuwan da ke ɓata fatar hannu iri biyu ne. Na farko masu cin fata, waɗanda kowa ya daɗe cikinsu sai sun ci shi: omo, ruwan jabel, sabulun wanki, kanwa, kananzir, har ruwa kansa in hannu ya wuni a ciki. Suna wanke maiƙon da ke tsare fata. Daga tsakanin yatsu da bayan hannu suke farawa, fata ta bushe, ta yi toka-toka ko ta yi duhu, ta tsage, kuma raɗaɗi ya fi ƙaiƙayi yawa. Mai jego mai wankin tsummokara, mai wanke-wanke a wurin mai abinci, yaran da ke wankin mota da moto, su ne kullum a gaba.

An kawo mini wata yarinya da ke yi wa mai tuwo wanke-wanke kusa da tasha. Gwaggonta ce ta riƙo ta.

"Hajiya, wallahi ɗiyar ga ba ta taɓa komi ba. Mi za ta taɓa? Daga gida sai wurin aiki."

Na ce ta zare zoben da ke yatsarta. Da ƙyar ya fita. Ƙarƙashinsa fatar ta yi fari fat, ta jiƙe, gefenta duk ƙananan ƙuraje, ga busasshiyar kumfar omo maƙale cikin lungun zoben. Tana ɗauraye hannu bayan aiki, amma abin da ya shige ƙarƙashin zobe nan yake kwana. Daga wannan yatsar ciwon ya bazu zuwa sauran.

Iri na biyu shi ne wanda jikin mutum ɗaya ke ƙi, na kusa da shi kuwa ko a jikinsa. Shi ne mai wuyar kamawa, don ba ya nunawa nan take. Sai bayan kwana 1 zuwa 3 da taɓawa ƙaiƙayi da ƙuraje ke fitowa, lokacin mutum ya manta, sai ya ɗora laifin a kan abin da ya ci da safe. Kuma "ai na fi shekara goma ina aiki da shi" ba hujja ba ce. Jiki na iya haƙuri da abu shekara da shekaru, rana ɗaya ya juya masa baya. In ya juya kuwa da wuya ya dawo, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon.

Siminti ya haɗa duka biyun. Jiƙaƙƙensa yana ƙona fata da kansa, sannan akwai sinadarin kurom a cikinsa wanda jikin magina da masu buga bulo ke ƙi bayan sun daɗe a aikin. Matsalar ta kai ƙasashen Tarayyar Turai sun taƙaita yawan wannan sinadari a siminti tun 2005. Alamar da nake tambayar magini ita ce: in ka tafi ƙauye noma ko hutun Sallah, hannun na sauƙi? In ka dawo aiki kwana nawa yake ɗauka ya tashi? Amsar nan kaɗai takan isa. Sai dai a kula, wanda jikinsa ya ƙi kurom in ya sayi safar hannu ta fatar kamfani ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, don yawancin fatar kamfani da kurom ake jeme ta. Fatar da majemanmu ke jemewa da bagaruwa ba ta da wannan. Abin da ya dace da siminti shi ne safa mai kauri ta roba ko nitril, doguwa, da ta auduga a ciki.

Sai dayis. A nan zan daɗe kaɗan, don shi ne ya fi ba ni takaici. Lallen gargajiya, ganyen da ake dakawa a kwaɓa, da wuya ya yi wa fata illa, kuma ja yake kamawa bayan awowi. Baƙin zanen nan da ke kamawa cikin ɗan lokaci, mafi yawansa da maganin rina gashi ake haɗa shi, mai sinadarin da ake kira PPD. Ba a yi shi don ya zauna a kan fata ba. Wadda jikinta ya ƙi shi, ba ta bukatar kowa ya gaya mata, don ƙurajen zanen suke bi sak. Na ga amaryar da furen da aka zana mata a bayan hannu ya taso gaba ɗaya ya zama bororo, kowane ganye, kowane ɗigo, har layin da ya zagaye wuyan hannun, tsakanin zanen kuwa fata lafiya lau. Dangin miji har sun fara ƙus-ƙus wai an yi mata sammu. Karon farko yakan ɗauki sati guda zuwa biyu kafin ya fito, bayan an watse daga biki, shi ya sa ba a zargin ƙunshin. Karo na biyu kwana ɗaya ko biyu ya isa, kuma ya fi muni. Tabon, baƙi ko fari, yana iya yin watanni.

Ƴar'uwa, in ya taɓa yi miki haka, kin gama da dayis, kin kuma gama da baƙin rinin gashi, don ranar da kika sa shi a kai fuska da idanu na iya kumbura har a kwantar da ke. Ki faɗa wa mai yi miki kitso da mai ƙunshi. Su ma masu sana'ar ƙunshin, kan yatsunsu ne ke fara tsagewa da ƙuraje, kuma su ne ba sa son jin wannan magana.

Ƙarfen nikel na cikin zobe da awarwaro masu araha, agogo, makullai, almakashin tela. Mai wannan matsala yana da shaida a wani wurin: kunne na ruwa in an sa ɗan kunnen da ba zinari ba, ko ƙaiƙayi ƙarƙashin agogo, ko ƙasan cibiya daidai inda kan bel ke taɓawa. Safar hannu ta roba ita ma wasu jikinsu na ƙin ta, za ka ga ciwon ya tsaya cak daidai inda bakin safar ya tsaya. Tafarnuwa tana kama kan babban yatsa da manuniya da na tsakiya, a hannun da ke riƙewa ba mai yankawa ba. Turare, humra da man shafawa mai ƙamshi su ma suna ciki. Masu lambu a Jiratawa da bakin gulbi kuwa, taki da maganin feshi ne nasu. Mai dama maganin feshi da hannu tsirara, ƙuraje ne mafi ƙanƙantar abin da ke jiransa, don gubar na ratsa fata ta shiga jiki.

Yadda za ka kama mai laifin: ka samu ɗan littafi, kowane dare ka rubuta abin da hannunka ya shiga tun asuba, da yadda ƙaiƙayin yake ranar. Har ranar Juma'a da ranakun da ba ka aiki, su ne ma suka fi amfani. Ka janye duk abin da kake zargi sati 2 zuwa 3. In hannun ya lafa, sai ka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kana barin aƙalla kwana 4 a tsakani. Man shafawa ko turare za ka iya gwada shi a cikin lanƙwasar gwiwar hannu, ɗan kaɗan safe da yamma har sati guda, in wurin ya yi ja ko ƙuraje ka samu amsa. Amma kada a yi wannan gwaji da dayis, siminti, omo ko maganin feshi.

Cire takalmi

Mutane na mamaki in suka kawo hannu na ce su nuna mini ƙafa. Cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, wanda ke yin fari yana wari yana tsagewa, yana iya sa hannuwa biyu su fitar da ƙuraje masu ruwa alhali ƙwayar cutar ba ta hannun ko kaɗan. Jiki ne ke faɗa da ita daga nesa. Irin wannan ko me ka shafa a hannu dawowa zai yi, sai an warkar da ƙafar. Masu sa takalmin roba rufaffe da damina, sojoji da ƴan kabu-kabu masu wuni cikin safa su fi lura.

In kuwa hannu ɗaya ne tak ya bushe, layukan tafin suka yi fari kamar an barbaɗa gari, ƙafa biyu kuma suna ɓawo, ko ƙumba ta yi kauri ta canja launi, to makero ne ya kama hannun kansa. Ana shafa clotrimazole ko terbinafine sati 2 zuwa 4, in ya kai ƙumba sai an haɗa da na sha daga lokotoro. Wadda tsakanin yatsun hannunta ke yawan yin fari yana jiƙewa yana dawowa, ta auna sukari.

Akwai kuma na rana ɗaya, masu zuwa su wuce. Da damina, lokacin da hatsi ke fure, ƙwaron nan da ake cewa ya yi wa mutum fitsari yana zuwa wurin fitila, in ka murje shi a fata washegari sai ga dogon bororo mai zafi. Hure shi ake yi, in kuma an murje a wanke da sabulu nan take. Ƙaron aguwa da na tumfafiya, da na ɗanyen mangwaro, suna yin haka. Ruwan lemun tsami da ya bushe a bayan hannu aka shiga rana da shi yana tayar da bororo ya bar baƙin tabo mai siffar yadda ruwan ya gangara.

Yadda za ka hutar da hannun

Ko wanne ne daga cikin waɗannan, fatar na bukatar hutu, kuma wannan ba ya cin kuɗi da yawa.

Kada ka fasa ƙurajen da allura ko ƙaya. In ƙaiƙayi ya taso, tsoma tsumma mai tsabta cikin ruwan randa ka ɗora minti 15. Ruwan zafi yana da daɗi lokacin, bayan nan ƙaiƙayin ninkuwa yake. Ka yanke ƙumba, don yawancin ɓarnar cikin barci ake yin ta. Zobe da awarwaro a aje su tukuna.

Bazilin fari, marar ƙamshi, shi ne babban abokinka, ko man kaɗe tsantsa wanda ba a zuba wa turare ba. Alwala sau biyar ta ba mu lokacin shafawa da ba a mantawa: ka idar, ka tsane tsakanin yatsu da kyau ba tare da gurzawa ba, ka shafa. Da dare ka shafa da kauri ka sa safar auduga. Wanda fatarsa ta tsage har ruwa na cutar da shi, addini ya yi masa sauƙi, ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan bandeji ko taimama.

Wanki da wanke-wanke a sa safa, amma kada ta wuce minti 20 a hannu ba a cire an sha iska ba, in ba haka ba zufar ciki za ta yi abin da omo bai yi ba. In ruwa ya shiga ciki a cire nan take, a juya ta a shanya. Na san akwai gidan da ba mai karɓar wa mace wanki. Duk da haka ina gaya wa mazan da ke rako matansu: sati biyu na ɗauke mata wanki ya fi duk abin da za ka saya a farmasi.

In ƙurajen sun fashe suna tsiyaya, ana jiƙa hannu cikin ruwan permanganate. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 cikin lita 5 na ruwa, ta narke sarai, ruwan ya zama ruwan hoda mai haske. In ya yi shunayya mai duhu ya yi ƙarfi, ƙonawa zai yi. Minti 10 zuwa 15, sau ɗaya ko biyu a rana, a daina da zarar wurin ya bushe. Yana rina ƙumba. A ɓoye ƙwayar nesa da yara, haɗiye ta haɗari ne babba. Ƙwayar hana ƙaiƙayi irin chlorphenamine tana taimaka wa barci, amma tana sa gyangyaɗi, direba da ɗan kabu-kabu kada su sha da rana.

Maganar man tib

Man da ke kwantar da kirci da gaske shi ne mai kortizon, kuma tafin hannu saboda kaurinsa mai ƙarfi yake bukata, irin betamethasone ko clobetasol. A hannun wanda ya san ciwon magani ne mai kyau. Ana shafa shi sau ɗaya ko biyu a rana na ɗan lokaci, galibi sati 2 zuwa 4, sannan a rage. Abin da ka matso daga kan yatsa zuwa gaɓar farko ya isa hannu ɗaya ciki da baya.

Matsalar ita ce irin wannan man ne ke cike a teburan kasuwa, shi mata ke saya don bilicin, shi kuma ake miƙa wa duk wanda ya ce yana ƙaiƙayi. Ka karanta jikin kwalin da kanka ko ka ba ɗan lakwal ya karanta maka. Yana kashe ƙaiƙayin kowane iri cikin kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa. Amma a kan ƙazwa ƙwaron ƙaruwa yake yi a ɓoye, a kan makero kuwa ciwon faɗaɗa yake yi ya canja kama har lokotoro ya kasa gane shi. In aka daɗe ana shafawa, fatar bayan hannu na yin siriri ta riƙa tsagewa. Man tib masu haɗin magani uku ɗin nan da aka ce suna maganin komai, da yawa cikinsu akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta neomycine a ciki, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da fata ke yawan ƙi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Lokacin da ba a jira

In ruwan ƙurajen ya koma mugunya, ko ɓawo mai launin zuma ya rufe su, hannu ya kumbura ya yi zafi, jan layi ya miƙe zuwa damtse, kaluluwa ta fito a hammata, ko zazzaɓi ya shigo, ranar za a tafi gidan likita. Mai ciwon sukari kada ma ya jira a kai nan. In bororon ya fito bayan fara shan sabon magani, ga gyambo a baki ko jan ido ko zazzaɓi, a dakatar da maganin a tafi da kwalinsa a hannu cikin gaggawa, ko tsakar dare ne. Taron ƙuraje a kan yatsa ɗaya mai zugi fiye da ƙaiƙayi kada a kai wa wanzami ya tsaga, wani irinsa ƙwayar bairos ce, tsagawa ƙara shi take. Ƙaramin yaro mai ƙuraje a tafin hannu da ƙafa da cikin baki yakan warke cikin sati guda zuwa kwana 10, abin lura shi ne ya ci gaba da shan ruwa.

Akwai kuma bororon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, mai shi bai ma san lokacin da ya ƙone da tukunya ba. Hannun da ya daina jin zafi, ko wani fili a fata da ya yi haske kuma ba a jin taɓawa a wurin, ana duba shi don kuturta. Tana warkewa sarai da magani na wata 6 ko 12, kyauta ake ba da shi, kuma wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa. Asibitin Danja, kimanin kilomita 15 kudu da gari a hanyar Ɗan Isa, ya daɗe da sanin wannan ciwo da sauran cututtukan fata.

In ba ko ɗaya cikin waɗannan, amma ka yi sati 2 zuwa 3 kana hutar da hannun bai sauya ba, ko yana tafiya yana dawowa, ka fara da CSI, wato ƙaramin gidan likita na unguwarku, su za su tura ka wurin lokotoron fata in da bukata. Ka tafi da hotunan da ka ɗauka, da littafinka, da duk abin da ka shafa a cikin leda ɗaya, har wanda kake jin kunyar nunawa. Ka faɗi sana'arka dalla-dalla, da aikin da kake yi bayan ka tashi daga ita. In ana zargin jikinka ne ke ƙin wani abu, ka tambaya ko za a iya yi maka gwajin da ake manna sinadarai a baya: awa 48 suke zama, ba a jiƙa wurin, sannan a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu da cirewa. In kuma makero ake zargi, ana kankaro ɓawon a duba a madubin likita, saboda haka kada ka shafa komai a wurin ranar da za ka je.